Jagora ga Mai Son Aikin Makanikin Na'urorin Lantarki a Asibitin 'Yan Mazan Jiya na Amurka

Gwamnatin Amurka tana da ma'aikata guda sukutum da aka ware domin kula da tsofaffin sojojinta, wadda aka fi sani da VA. An kafa ta a matsayin hukuma a 1930, aka ɗaga ta zuwa cikakkiyar ma'aikata a 1989, kuma reshenta na kiwon lafiya yana tafiyar da manyan asibitoci kimanin 170 da ƙananan wuraren shan magani fiye da 1,000, inda 'yan mazan jiya sama da miliyan 9 suka yi rajista. A kowane ɗaya daga cikin manyan asibitocin akwai sashen injiniyoyi, kuma a cikinsa ne makanikin na'urorin lantarki yake zaune. Wannan jagora ta bi aikin daki-daki, tun daga neman sa har zuwa yadda ake riƙe shi, kuma an rubuta ta ne da tunanin mutumin da ya koyi sana'ar a Najeriya ko Nijar ko Ghana sannan zama ya kai shi Amurka.

Mataki na farko: ka san wane aiki kake nema

Mutane da yawa suna jin "asibiti" sai tunaninsu ya tafi kan injin hoton ƙashi da na'urar taimakon numfashi. Waɗannan galibi suna hannun wani rukuni dabam, wato masu kula da kayan aikin likitoci, waɗanda ake ɗauka a ƙarƙashin lambar aiki 1601. Makanikin na'urorin lantarki lambarsa 2604, kuma abin da ke wuyansa shi ne na'urorin da ke jikin ginin kansa: ƙararrawar da majinyaci ke dannawa ya kira nas, ƙararrawar gobara, lasifikokin sanarwa, kyamarorin tsaro, ƙofofin da ake buɗewa da kati, madannin neman agaji da ke ɓoye ƙarƙashin teburin ma'aikata, rediyon oba-oba, talabijin na ɗakuna, da makamantansu. Iyakar da ke tsakanin rukunonin biyu tana bambanta daga asibiti zuwa asibiti, saboda haka bayanin ayyukan da ke cikin sanarwar ɗaukar ma'aikata ya fi sunan muƙamin muhimmanci, kuma shi ya kamata a karanta layi bayan layi.

Aikin yana cikin tsarin albashin masu sana'ar hannu na gwamnatin tarayya, wanda ake yi wa alama da WG, kuma mafi yawan guraben suna fitowa ne a mataki na 10 ko na 11. Ana biya ne bisa awa, adadin kuma yana bin abin da ake biyan masu irin sana'ar a yankin da asibitin yake.

Mataki na biyu: sharuɗɗa da takardu

Sharaɗin da ya fi tare wa baƙi hanya shi ne na zama ɗan ƙasa. Takardar izinin zama ta dindindin ba ta wadatarwa a irin wannan gurbi, don haka wanda bai kai ga zama ɗan ƙasa ba gara ya fara da kamfanonin da ke ɗaukar kwangilar gyaran ƙararrawar gobara ko ta kiran nas a asibitoci masu zaman kansu, ya tara shekarun ƙwarewa kafin lokaci ya yi. Namijin da aka haifa bayan 31 ga Disamba 1959 za a tambaye shi ko ya yi rajista da hukumar da ke ajiye sunayen waɗanda za a iya kira aikin soja, ko kuma ya kawo hujjar da ta ɗauke masa wannan nauyi. Wanda ya taɓa aikin soja a Amurka kuma ya cika sharuɗɗan da doka ta gindaya yana da fifiko wajen ɗauka, kuma takardarsa ta sallama mai lamba DD-214 ita ce shaidarsa. Wannan fifiko ba wasa ba ne a VA, inda da yawa daga cikin abokan aikinka su ma tsofaffin sojoji ne.

Ana neman aikin ta USAJOBS, shafin intanet na guraben aikin gwamnatin tarayya. Tun daga 2025 an taƙaita takardar tarihin aiki zuwa shafi biyu, wanda ke nufin babu wurin kame-kame. Guraben WG ba digiri suke dubawa ba, abin da hannu ya iya suke dubawa, kuma tambayar da ake fara tace masu nema da ita ita ce ko mutum zai iya yin aikin ba tare da an tsaya a kansa fiye da yadda aka saba ba. Saboda haka rubuta "na yi gyaran kayan lantarki na shekara shida" bai gaya wa kowa komai ba. Ka ambaci irin na'urar, da sunan kamfanin da ya ƙera ta, da kayan awon da ka yi amfani da su, da watan da ka fara da wanda ka bari, da awa nawa kake yi a mako. Idan kana so a lissafa maka difloma da ka samu a gida, sai ka kai ta wurin masu tantance takardun karatun ƙasashen waje tukuna. Bayan an zaɓe ka akwai ɗaukar hoton yatsu, da binciken tarihin rayuwa, da duba lafiya, sannan shekarar farko ta gwaji ce.

Mataki na uku: ka daidaita abin da ka zo da shi daga gida

Nan ne ƙwararre yake fin sabon shiga fuskantar haɗari, domin hannunsa ya riga ya saba. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ya cika gidajen Kano da Kaduna, jar waya ce mai wuta, baƙa kuwa nutral. A Amurka baƙar waya ita ce mai wuta, fara ita ce nutral, koriya ko tsirarar tagulla ita ce ta ƙasa. Wanda ya shekara goma yana kama baƙar waya hankali kwance dole ne ya zauna ya kankare wannan sabo da gangan, tun kafin ranar da zai tsaya a kan tsani cikin gaggawa. Wutar soket bolt 120 ce mai zagaye 60 a daƙiƙa, maimakon 230 mai zagaye 50, amma kada ƙarancin lambar ya ruɗe ka, domin fitilun manyan gine-gine sukan yi aiki da bolt 277, manyan injuna kuma da 480. Kaurin waya ma da ma'aunin AWG ake faɗinsa, inda ƙaramar lamba take nufin waya mai kauri, wato mai lamba 12 ta fi mai lamba 18 kauri.

Sai littattafan ƙa'ida, waɗanda ba haddace su ake buƙata ba, sanin inda za a buɗe ake buƙata. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, wato NFPA, ita ce ke fitar da su: NFPA 70 ita ce dokar shimfiɗa wayoyi, NFPA 72 ta ƙararrawar gobara, NFPA 99 ta wuraren kiwon lafiya, NFPA 101 ta kare rayuka a cikin gini, NFPA 70E kuma ta tsaron lafiyar mai aiki kusa da wuta. A ganina, wanda ya zo da hannu mai kyau wajen dalma da bin zanen da'ira ya fi buƙatar ya ba ilimin sadarwar kwamfuta lokaci, saboda kyamarori da ƙofofi da sababbin na'urorin kiran nas duk a kan layin sadarwar asibiti suke tafiya yanzu, kuma sau da yawa matsalar da za a kira ka a kanta adireshin na'ura ne ya rikice, ba wani abu ne ya ƙone ba.

Mataki na huɗu: makonnin farko

Ka bi tsohon ma'aikaci da ƙaramin littafi a aljihu, ka rubuta inda kowane akwatin sarrafawa yake, da ɗakin da yake ciki, da makullin da ke buɗe shi, da layin wutar da ke ciyar da shi. Yawancin waɗannan asibitoci tsofaffin gine-gine ne da aka yi ta yi wa ƙari, zanen da ke ofis kuma ba kullum yake dacewa da abin da ke cikin bango ba. Ka lura da jajayen soket: su ne ke kan layin gaggawa, wanda ƙa'ida ta ce janareto ya maido masa da wuta cikin daƙiƙa 10 idan ta ɗauke. Ba a cire filogin da aka tarar a jan soket domin a sa na'urar huda bango. Ka kuma san shugabar nas-nas ta kowane ɗakin kwanciya da sunanta, domin babu aikin da za ka fara a wurinta ba da saninta ba.

Mataki na biyar: yadda ake amsa kiran gyara

A ɗauka takardar aiki ta zo cewa ƙararrawar kiran nas ta gado na biyu a wani ɗaki ba ta aiki. Abu na farko ba buɗe akwatin kaya ba ne. Ka je teburin nas-nas ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka tambayi abin da aka gani da ido: fitilar saman ƙofa ce ba ta kamawa, ko ƙarar ce ba ta zuwa tebur, ko duka biyun, kuma tun yaushe. Ka tambaya ko akwai majinyaci a gadon, idan akwai kuma wace hanya aka ba shi ta kiran taimako kafin a gama gyara. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta raba aikin asibiti da aikin shago. A shago na'urar da ta mutu tana jira ne a kan benci, amma a nan akwai mutum kwance da yake zaton idan ya danna za a zo.

Kafin ka shiga, ka karanta alamar da ke jikin ƙofa. Idan ɗakin keɓewa ne, za ta faɗi abin da ake sawa, ko riga da safar hannu, ko takunkumi, kuma makaniki ba shi da wani rangwame a kan haka. Ka wanke hannu, ka ƙwanƙwasa, ka gaisa da majinyacin, ka gaya masa abin da za ka yi da kuma cewa zai ji ƙara.

Bincike yana farawa ne daga abu mafi sauƙi kuma mafi yawan lalacewa. Igiyar madannin da ke hannun majinyaci ita ce take shan wahala: ƙarfen gefen gado yana matse ta, ana nannaɗe ta, ana zuba mata shayi. Ka cire ta ka sa wata da ka tabbatar tana aiki, wadda ya kamata kullum ta kasance a jakarka. Idan kiran ya tafi, an gano matsalar cikin minti biyu. Idan bai tafi ba, ka danna madannin da ke jikin bango kai tsaye. In ya yi aiki, laifin yana ramin da igiyar ke shiga, ko kuma a kebul ɗin da ya haɗa gadon kansa da bango, wanda ake yawan fizgewa idan aka tura gado ba a cire shi ba, har ƙananan alluransa su lanƙwashe. In bai yi ba, ka gwada gado na ɗaya da madannin banɗaki. Gado ɗaya kaɗai ya mutu, to na'urar bangon ce ko wayarta. Ɗakin gaba ɗaya ya mutu, sai ka koma ga akwatin da ke saman ƙofa. Ɗakuna da yawa a jere sun mutu, to ka tafi ɗakin na'urori ka auna wutar da ke fitowa daga mai ciyar da layin kafin ka taɓa wani abu. Canja allo bayan allo har a dace, ba tare da awo ba, yana cinye kuɗi, kuma yakan ɓoye ainihin laifin ya dawo da tsakar dare.

Bayan gyara, gwaji ba ya cika sai ka bi kiran har ƙarshensa: fitilar ƙofa ta kama, ɗaki da gadon da suka dace sun fito a allon tebur, saƙon ya isa wayar da nas ke riƙe da ita idan tsarin yana da wannan, murya tana zuwa tana dawowa, kuma madannin sokewa yana kashe kiran. Ka gwada madannin gaggawa na tsayawar zuciya idan ɗakin yana da shi, amma sai ka sanar da masu karɓar kiran tukuna, in ba haka ba ayarin likitoci zai shigo a guje. Sannan ka sa madannin a inda hannun majinyacin zai kai, ka roƙe shi ya danna da kansa, ka goge duk abin da ka taɓa, ka koma ka gaya wa nas an gama. Idan kuwa ba a gama ba, saboda sai an yi odar wani sashe, ka faɗa mata ƙarara cewa gadon nan ba shi da ƙararrawa, ka kuma rubuta hakan.

Mataki na shida: ƙararrawar gobara, silin da kashe wuta

Ƙararrawar gobara tana sa ido a kan wayoyinta da kanta. A tsarin gargajiya akwai ɗan rezista a ƙarshen kowane layi, kuma da zarar akwatin sarrafawa ya daina ganinsa sai ya nuna alamar matsala. Laifin da ya fi cin rai shi ne waya ta taɓa ƙarfen gini a wani wuri da ba a sani ba. Hanyar gano shi ita ce raba layin biyu: ka kwance shi a tsakiya, ka ga wane ɓangare ne har yanzu yake nuna laifin, ka sake raba wannan ɓangaren, har ka ƙure shi tsakanin na'urori biyu. Sau da yawa za ka tarar da danshi ne ya shiga akwati, ko wani mai kwangila ya matse waya da murfi. Batiran akwatin kuma ana so su riƙe tsarin na awa 24 babu wuta, sannan su iya kaɗa ƙararrawa bayan haka, shi ya sa auna ƙarfinsu ba tare da an ɗora musu nauyi ba yake yaudara.

Kafin ka taɓa wannan tsari sai ka sanar da 'yan sandan asibitin, da jami'in tsaron lafiya, da cibiyar da ke karɓar saƙon ta kira 'yan kwana-kwana. Idan wani ɓangare zai kasance a kashe fiye da awa 4 cikin awa 24, ƙa'ida ta wajabta a sa masu zagayen gadin gobara. Ka rubuta duk na'urar da ka dakatar a takarda ɗaya, ka soke su ɗaya bayan ɗaya yayin maido da su, domin na'urar gano hayaƙi da aka manta a kashe ba ta yin wata alama da mai wucewa zai gani.

Ɗaga allon silin a inda majinyata suke ba ƙaramin abu ba ne. Ƙurar da ke sama tana iya ɗauke da ƙwayoyin funfuna masu kama huhun wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, irin masu shan maganin ciwon daji, saboda haka sai an sami izini daga masu yaƙi da yaɗuwar cuta, wani lokaci kuma sai an yi aikin cikin rufaffen tanti na leda. Duk ramin da ka huda a bangon da aka gina domin tare wuta, sai ka toshe shi da kayan da aka amince da su, domin masu binciken asibitoci suna ɗaga silin su duba.

Idan aikin ya kai ga wuta mai ƙarfi, ka kashe layin, ka sa kwaɗonka da katin sunanka, makullin kuma ya zauna a aljihunka. Ka gwada mitarka a kan wutar da ka san tana nan, ka auna layin da ka kashe, ka sake gwada mitar. Ka ba manyan kafasita lokaci su sauke cajinsu, ka kuma tabbatar da awo. Amma kafin duk wannan, ka san abin da ke ƙarshen layin da za ka kashe.

Mataki na bakwai: ka san su wane ne majinyatan

Nan ne asibitin 'yan mazan jiya ya bambanta da sauran. Da yawa daga cikinsu suna fama da firgitar da yaƙi ya bari a zuciya, kuma ƙarar bazata ko mutum ya ɓullo musu ta baya da ƙarfe a hannu yana iya tayar da abin da ya kwanta. Ka zo ta gaba, ka yi magana kafin ka kunna na'urar huda bango, ka sa a yi sanarwa kafin gwajin ƙararrawa. Raunin ji da ƙugin kunne suna cikin lalurorin da suka fi yawa a tsakaninsu, don haka ka fuskanci mutum idan kana magana, kuma ka ɗauki fitilu masu walƙiya na ƙararrawar gobara da muhimmancin da kake ba masu ƙara.

A ɗakin masu lalurar ƙwaƙwalwa, wanda a kulle yake, ana shiga da kayan da aikin yake buƙata kaɗai, a ƙirga su a ƙofa, a sake ƙirgawa wajen fita. Ba a ajiye sukudireba a juya baya, ba a barin guntun waya ko kusa a ƙasa, ba a barin tsani babu mai tsaro. Sukurorin wurin na musamman ne da ba sa kwancuwa da kayan gida, kuma da irinsu ake mayarwa. Tun 2007 VA take da jerin abubuwan dubawa na irin waɗannan ɗakuna domin kawar da duk abin da mutum zai iya rataye kansa a jiki, saboda haka igiya mai tsawo ko ƙugiyar da ka ƙara da kyakkyawar niyya tana iya zama haɗari.

A sashen masu raunin laka, akwai wanda da numfashi yake kiran nas ta wani siririn bututu da ke kusa da bakinsa, wani kuma da taɓa faifai da kumatu. Idan ka gyara na'urar ka kauce da bututun da faɗin yatsa biyu, daidai yake da ba ka gyara ba. A gidajen jinya na tsofaffi kuma, masu ciwon mantuwa suna sanye da abin hannu da ke kulle ƙofa ko kaɗa ƙararrawa idan sun kusanci mafita, kuma gwajin waɗannan ƙofofi sai an tabbatar cewa suna sakin kansu idan ƙararrawar gobara ta kaɗa. Ɗakin hoton MRI kuwa maganaɗisunsa ba ya mutuwa ko da ba a aiki, ba a shiga da kayan ƙarfe, ba a shiga kuma sai ma'aikatan wurin sun tantance ka.

Duk abin da idonka ya gani a allo ko kunnenka ya ji a ɗaki sirrin majinyaci ne da doka ta kare. Hoton da za ka ɗauka na wayoyi domin tunawa, ka tabbata babu fuska ko suna a cikinsa.

Mataki na takwas: rubutu da ci gaba

Kowace takardar aiki a rufe ta da abin da aka tarar, da awon da aka samu, da abin da aka canja, da gwajin da aka yi. "An gyara" ba ya taimakon wanda zai zo bayanka, kuma masu bincike suna ɗaukar duban da ba a rubuta ba a matsayin wanda ba a yi ba. Duban lokaci-lokaci shi ne aikin da gaggawa take yawan turewa gefe, alhali shi ne yake rage kiran dare.

Kowane matakin WG yana da hawa biyar na ƙarin albashi: ana kai na biyu bayan mako 26, na uku bayan ƙarin mako 78, na huɗu da na biyar kuma bayan mako 104 kowanne. Aikin yamma yana da ƙarin kashi 7.5 cikin ɗari, na dare kashi 10. Mai son ya zurfafa a ɓangaren gobara sai ya nemi shaidar ƙwarewa ta NICET, cibiyar da ke tantance masu fasahar injiniya, mai son ya koma rukunin kayan aikin likitoci kuma sai ya nufi jarrabawar CBET, ta shaidar ƙwarewa a gyaran waɗannan kayan, ya kuma nemi a riƙa haɗa shi da ma'aikatan wannan rukuni a duk aikin da ya shafi sassan biyu, kamar haɗa na'urorin lura da bugun zuciya da tsarin kiran nas, domin irin wannan ƙwarewa ce za a nemi ya lissafa a takardarsa ranar da gurbi ya fito.